Filifin kafin zuwan Sifaniyawa: mutanen da tsohuwar takardarsu ta yafe bashi ce

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masana tarihin cikinmu. A wurin aikinmu nan Jidda akwai 'yan Filifin da yawa, mun fi shekara huɗu muna cin abincin rana tare. Jiya muna hira da ɗayansu na ce masa, ni abin da ke ɗaure mini kai da ƙasarku, sunayenku duk na Sifaniya ne, daga Santos sai Reyes sai Cruz, ita ma ƙasar sunan sarkin Sifaniya aka laƙaba mata, to kafin Turawan su zo ku su wane ne? Wallahi ba da niyyar cin fuska na faɗa ba, amma na ga ransa ya ɗan sosu. Ya ce kakanninsa suna da rubutunsu, suna sa zinariya har a haƙori, kuma suna ciniki da Sinawa tun Sifaniya ba ta san hanyar teku ba. Gaskiya ne, ko kishin ƙasa ne ya motsa?

Shamsu: Kishin ƙasa ne mana, Yaya. Kowa ka taɓa sai ya ce kakansa sarki ne. In da suna da wata daula ai da mun ji sunanta kamar yadda muka ji na Mali da Songhai. Mutanen da ko sunan gidansu ba su iya riƙewa ba.

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Shamsu, sauka daga dokin nan tukuna. Batun sunaye ba sakaci ba ne, doka ce. A 1849 gwamnan Sifaniya a tsibiran, Narciso Clavería, ya sa aka buga kundin sunaye aka rarraba wa garuruwa, aka ce kowane gida ya ɗauki ɗaya, domin a ji daɗin ƙidaya da karɓar haraji. Sunan ƙasar kuwa wani matuƙin jirgi ne, Ruy López de Villalobos, ya sa wa wasu tsibirai kaɗan a 1543 don girmama yarima Filib, daga baya sunan ya mamaye sauran.

Abban Sadiq, abokin aikinka bai yi maka ƙarya ba. A 1989 wani mai yasar yashi a bakin kogin Lumbang, kusa da tafkin Laguna, ya tsinto wani fallen jan ƙarfe a nannaɗe, da rubutu a jikinsa. Wani masani ɗan Holan mai suna Antoon Postma, wanda ya daɗe yana zaune cikin mutanen tsibirin Mindoro, shi ya warware rubutun. Kwanan watan da ke jiki shekara ta 822 ce a lissafin Saka na Indiya, wato shekara ta 900 miladiyya. Magellan kuwa, matuƙin da ya fara kawo jiragen Sifaniya tsibiran, sai 1521 ya iso. Ka ga tazarar ta haura shekara 600.

Ɗan Kurmi: Malam, me aka rubuta a ciki? Kirarin sarki ne ko labarin yaƙi?

Malam Ɗanjuma: Alhaji, abin da zai fi ba ka sha'awa ke nan, don harkarku ce ta 'yan kasuwa. Takardar yafe bashi ce. Ana bin wani mutum mai suna Namwaran zinariya, nauyin kati ɗaya da suwarna takwas, wato giram 900 da ɗoriya. Shugaban Tundun, wadda masana suka ce ita ce Tondo da ke cikin birnin Manila a yau, ya yafe bashin, aka rubuta wa 'ya'yan Namwaran, wata mace mai suna Angkatan da ɗan'uwanta Bukah, shaida cewa babu mai sake bin zuriyarsu. Aka jero shugabannin wasu garuruwa a matsayin shaidu. Harshen tsohon Malayanci ne gauraye da kalmomin Sanskirit, haruffan kuma irin na tsibirin Jawa ne da ake kira Kawi.

Ɗan Kurmi: Allahu akbar! Kusan kilo guda na zinariya aka yafe? Ni akwai wanda nake bi kuɗin atamfa turmi shida tun azumin bara, ko a mafarki ban yafe ba. Ashe da gaskiyar masu cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Zainab A.: Alhaji, wasa kake yi amma ka taɓo jijiyar maganar. Ku tambayi kanku me ya sa za a wahala a sassaƙa wannan a kan ƙarfe, alhali sauran rubuce-rubucensu a jikin gora da ganye suke yi. Dalili shi ne a wannan al'umma bashi ba ya mutuwa da mai shi, gadonsa ake yi, kuma wanda ya kasa biya bawa yake zama, shi da 'ya'yansa. Wannan fallen ƙarfen takardar 'yanci ce ta zuriya guda. A nawa karatun, in kana son ka fahimci zamantakewar tsibiran kafin Turawa, ka ajiye neman fada da ganuwa, ka bi sawun bashi. Ƙasar noma tana da yawa, mutane ne kaɗan. Saboda haka arzikin babban mutum ba faɗin gonarsa ba ne, yawan waɗanda yake bi ne, masu yi masa noma, su tuƙa masa jirgi, su bi shi yaƙi.

Shamsu: To Anti, kin dawo kan maganata. Babu daula ke nan.

Zainab A.: Babu daula guda da ta haɗe tsibiran, wannan gaskiya ne, kuma duk ɗan Filifin da ya ce maka akwai ya ƙara gishiri. Tsibirai ne sama da 7,000, harsuna fiye da ɗari. Abin da suke da shi shi ne barangay, wato jama'a ta gida 30 zuwa 100 ƙarƙashin shugaba da ake kira datu. Kalmar daga balangay ta fito, sunan wani babban jirgin katako, kamar dai a ce jama'ar jirgi ɗaya. An tono ragowar irin waɗannan jirage a Butuan tun daga 1976, katakan an haɗa su da turakun itace da igiya, babu ƙusa. A wuraren da ciniki ya bunƙasa, kamar Manila da Tondo da Sebu da Butuan da Sulu, barangay da yawa kan haɗu ƙarƙashin babba ɗaya mai laƙabin raja ko lakan ko sultan. Amma shi ma babban ba ya iya tsallake datu ya ba mutanensa umarni kai tsaye, sai da lallami da kyauta da auratayya. Har yau ƙaramar mazaɓa a Filifin barangay ake ce mata, suna da wajen 42,000.

Ni dai ban yarda cewa sai mutane sun yi sarki mai ganuwa sannan suka zama mutane ba.

Baba Malami Mai Ritaya: Salamu alaikum 'ya'yana. Wannan hira ta tuna mini da kuruciya. A shekarun 1970 makarantun sakandaren Arewa cike suke da malamai 'yan Filifin da 'yan Indiya da 'yan Pakistan. Wata 'yar Filifin ce ta koya mana ilimin halittu, mijinta kuma lissafi. Ranar da ta ga mai gadin makaranta yana cin goro bakinsa ya yi ja, ta yi ta dariya, ta ce kakarta ma haka bakinta yake, sai dai su wani ɗan itace suke naɗewa a ganye da farar ƙasa su tauna, kuma in baƙo ya zo gidanka ba ka miƙa masa ba ka ci mutuncinsa. A lokacin mun ɗauka su ma Turawa ne gajeru, ba mu taɓa tunanin tambayarta tarihinsu ba. Malam Ɗanjuma, a ci gaba, muna ƙaruwa.

Malam Ɗanjuma: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Abin da malamarku ta faɗa haka yake, wannan abin taunawar shi ne goronsu, da shi ake neman aure, da shi ake sulhu.

Bari in ɗora kan maganar Malama Zainab game da bauta, don a nan ne abin ya fi sarƙaƙiya. Wani limamin kirista, Juan de Plasencia, ya rubuta al'adun Tagalog, ƙabilar yankin Manila, a 1589. A sama akwai datu da danginsa, su ne maginoo. Sai 'ya'ya masu 'yanci, wato timawa da maharlika, waɗanda ba sa yi wa kowa noma dole amma suna bin datu yaƙi da makamansu, a raba ganima da su. Sai alipin, wato bayi, su kuma kashi biyu ne. Akwai namamahay, mai gidansa da matarsa da dukiyarsa, yana ba ubangidansa wani kaso na amfanin gona, ya taya shi gini ko tuƙin jirgi, kuma ba a sayar da shi. Wanda ya san tsarin murgu a ƙasar Hausa zai ga ɗan kama. Sai alipin sa gigilid, wanda ke kwana a gidan ubangidansa, shi ana iya sayarwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lissafin 'ya'ya. In ɗa ya auri baiwa, ko 'ya ta auri bawa, rabon yaran ake yi: na fari da na uku da na biyar su bi matsayin uba, na biyu da na huɗu su bi na uwa. In ɗa ɗaya ne tal, to rabinsa ɗa ne rabinsa bawa.

Ɗan Kurmi: Rabin bawa kuma? Malam, wane ɓangaren ne bawan, sama ko ƙasa?

Malam Ɗanjuma: Alhaji ka cika barkwanci. Lokacinsa ake rabawa, ya yi wa ubangida aiki wani lokaci, ya yi wa kansa wani lokaci, kuma kuɗin fansarsa rabi ne. Har rubu'in bawa akwai. Ka ga ai wannan lissafin masu bin bashi ne, ba na masu kamun bayi kaɗai ba. Mutum kan faɗa bauta don ya ci bashin shinkafa lokacin yunwa ruwan bashin ya yi ta ninkuwa, ko an ci shi tara ya kasa biya. Yana kuma iya fansar kansa da zinariya ya koma ɗa. Hawa da sauka ake yi.

Maman Ilham: Ni tambayata kan mata ce. Na taɓa jin cewa matan can kafin Turawa sun fi na bayan Turawa 'yanci. Yaya abin yake? Don na gaji da jin kowace al'umma tana cewa a da matanmu sarauniyoyi ne, in ka bincika ka tarar daka da surfe ne dai.

Zainab A.: Hajiya, daka da surfe kam suna nan, shinkafa a turmi suke sussuka ta, ga saƙa. Amma akwai abubuwan da su kansu Sifaniyawan suka rubuta suna mamaki. Mace tana mallakar dukiyarta, aure ba ya mayar da ita ta miji. 'Ya'yan halak maza da mata daidai suke cin gado. Dangantaka ta wajen uwa da ta wajen uba nauyinsu ɗaya. Namiji ne ke biyan dukiyar aure ga iyayen mace, Tagalog suna ce mata bigay-kaya, wani lokaci ma sai ya je ya yi wa surukai aiki kafin a ba shi. Rabuwar aure kuma tana da sauƙi, abin da ake shari'a a kai shi ne wa zai riƙe dukiyar auren: in ita ta fita don ta auri wani, a mayar, in shi ya sake ta, ya yi asara. Ki kwatanta da yau, inda Filifin ta zama ƙasar da babu dokar saki ga mafi yawan jama'arta, in ban da Musulmi da ke da tasu dokar iyali tun 1977.

Sannan jagorancin addininsu na gargajiya yawanci a hannun mata yake. A tsibiran Bisaya ana ce musu babaylan, a wajen Tagalog katalonan. Su ke yanka, su ke magani, su ne iskokin kakanni da ake kira anito ke hawa kansu su yi magana da bakinsu. Namijin da ya shiga wannan aiki sau da yawa shigar mata yake yi. Shi ya sa limaman Sifaniya suka fi tsanar su a kan kowa, suka yi ta farfasa gumakansu suna kiran su mayu.

Maman Ilham: Wato dai bori. To ba sabon abu ba ne a wurinmu.

Zainab A.: Da kama sosai. Amma kada in yi miki irin abin da kika ce kin gaji da shi. A Bisaya manyan gidaje suna da abin da ake kira binukot, yarinya ce da ake killacewa tun tana ƙarama, rana ba ta ganin ta, ƙafarta ba ta taka ƙasa, don darajarta ta hau a biya dukiya mai yawa a aurenta. Baiwa kuma baiwa ce, ba ta ga wannan 'yancin da nake lissafawa ba.

Ustaz Nura: Assalamu alaikum. Na ga ana ta zancen anito da bori, kada wanda ya shigo yanzu ya ɗauka duk tsibiran haka suke. Musulunci ya riga kiristanci isa can da kusan shekara 200. A tsaunin Bud Dato da ke tsibirin Jolo akwai kabarin wani Musulmi mai ɗauke da shekara ta 710 bayan hijira, wato 1310. Mutanen Sulu suna riƙe da cewa wani malami, Makhdum Karim, ya gina masallaci a tsibirin Simunul wajen 1380. Daga baya Sharif Abubakar, wanda ake yi wa laƙabi da Shariful Hashim, ya kafa sarautar Musulunci ta Sulu a ƙarni na 15, Sharif Kabungsuwan kuma ya zo daga Johor ya kafa ta Magindanao a farkon ƙarni na 16. Suna da littattafan nasaba da suke kira tarsila, kun ji ai silsila ce. Ku duba, kusan zamanin da Wangarawa suka shigo Kano a mulkin Yaji ke nan, addini ɗaya yana tafiya da ƙafar fatake a gabas da yamma.

Ita kanta Manila, lokacin da kwamandan Sifaniya Martín de Goiti ya kai mata hari a 1570, Musulmi ne ke mulkinta, Raja Sulaiman da Raja Matanda, masu dangantaka da gidan sarautar Barunai. Suna da katanga ta gungumen itace a bakin kogin Pasig da igwa ta tagulla. Ba don Sifaniyawa ba, da yau Filifin ƙasar Musulmi ce kamar Indonesiya.

Zainab A.: Allah gafarta Malam, tarihin da ka kawo daidai ne, amma jimlarka ta ƙarshe hasashe ce. Musuluncin Manila a 1570 sabo ne fil, yawanci a gidan sarauta da 'yan kasuwa ya tsaya. Rahotannin Sifaniyawa na lokacin sun ce da yawa iyakar abin da suka sani shi ne barin naman alade. Bisaya kuwa, inda Magellan ya sauka, ba Musulmi ba ne, mutanen duwatsun arewacin Luzon, tsibirin da Manila take, ma haka. A Sulu da Magindanao ne ya yi jijiya, shi ya sa Sifaniya ta shekara sama da 300 ba ta gama da su ba.

Ustaz Nura: Na karɓi gyara a kan Manila, Malama, amma ban janye hasashen ba, don haka ya faro a Jawa ma, daga fada da kasuwa. Abin da ba hasashe ba shi ne Sifaniyawan da suka zo jikokin waɗanda suka karɓe Garnaɗa ne a 1492. Suka zagayo duniya suka sake cin karo da masu salla, sai suka kira su da sunan da suke kiran Musulmin Andalus, Moro. Sunan yana nan har gobe. Sultan Kudarat na Magindanao ya shafe wajen shekara 50 a ƙarni na 17 yana gwabzawa da su. Kuma ko a bakin kiristan Tagalog akwai sawun wannan hulɗa: godiyarsu salamat ce, alƙali kuma hukom.

Abban Sadiq: Wallahi kullum sai na ji salamat ɗin nan a wurin aiki, ban taɓa kawo komai a raina ba. To batun zinariya a haƙori da ciniki da Sin fa?

Malam Ɗanjuma: Duka biyun tabbas ne. Antonio Pigafetta, ɗan Italiyan da ya rubuta tafiyar Magellan, ya kwatanta wani sarki daga yankin Butuan da ɗigon zinariya uku a kowane haƙori. An kuma tono ƙoƙon kai a Bolinao da haƙora masu ado da zinariya kamar ɓawon kifi. A 1917 wata mata ta tsinci mutum-mutumin zinariya mai nauyin kusan kilo biyu a bakin kogi a Agusan, yanzu yana wani gidan tarihi a Shikago. A 1981 kuma masu aikin haƙa a Surigao suka ci karo da tarin kayan ado, ciki har da wata sarƙar kafaɗa mai nauyin kusan kilo huɗu. Mazan Bisaya kuwa jarfa suke yi a jiki, ana ƙara wa mutum zane gwargwadon bajintarsa a yaƙi, har Sifaniyawa suka sa musu suna Pintados, wato masu zane.

Alhaji Ɗan Kurmi, ga naka. Littattafan Sin sun ambaci wata ƙasa Ma-i tun ƙarni na 10, Butuan kuma ta aika jakadu fadar Sin a farkon ƙarni na 11. Wani jami'in kwastan na Sin, Zhao Rugua, ya rubuta a 1225 yadda ake ciniki a Ma-i. Jirgi zai tsaya, dillalan gari su hau su kwashi kaya a kwanduna, tangaran da tukwanen ƙarfe da allurai da duwatsun ado, su tafi ba tare da sun biya ko anini ba. Su zagaya tsibirai su sayar, sai bayan wata takwas ko tara su dawo su biya da kakin zuma da auduga da lu'ulu'u da ɓawon kunkuru. Ya ce kaya ba sa ɓata.

Ɗan Kurmi: Wata tara! Babu waya, babu takarda, babu mai tsaya maka? Malam, ni yaron shagona in na aike shi Kwari da kaya ya wuce awa biyu sai na fara kiran uwarsa. Amma fa na gane abin. Wanda ya san in ya ci amana jirgin ba zai dawo baɗi ba, kuma a garinsu mai cin bashi bawa yake zama, dole ya riƙe amana. Ba waliyyai ba ne, tsari ne ya ɗaure su.

Shamsu: To na sauko kaɗan. Amma in suna da rubutu, ina littattafansu? Mu ai muna da namu na ajami. Fallen ƙarfe ɗaya ba ya zama adabi.

Malam Ɗanjuma: Tambaya mai kyau. Rubutun da Sifaniyawa suka tarar a Luzon sunansa baybayin, haruffa 17 ne, wasula uku da baƙaƙe 14. Kowane baƙi yana ɗauke da wasalin sama a jikinsa. In ka sa ɗigo a samansa ya koma i, in ka sa a ƙasa ya koma u, wato akasin yadda muka saba a allo. Ba su da ɗauri, saboda haka baƙin ƙarshen gaɓa ba a rubuta shi, mai karatu ne ke cikewa da kansa, sai a 1620 wani limamin kirista ya ƙirƙiro musu alama. Da tsinin wuƙa suke rubutawa a jikin gora, yawanci wasiƙu da waƙoƙin soyayya. Gora kuwa a ƙasa mai ruwa da gara ba ta shekara ɗari. Tarihi da nasaba da dogayen waƙoƙin jarumai a ka suke riƙe su. Wani limami, Pedro Chirino, ya rubuta a 1604 cewa da wuya ka sami namiji ko mace da ba su iya karatun ba. Ina jin ya zuzuta, amma dai da Sifaniyawa suka tashi buga littafin koyar da addininsu a Manila a 1593, sai da suka sa baybayin a ciki, kuma ba za su yi wannan wahalar ba in babu masu karantawa. Mutanen Hanunuo a Mindoro har yau suna sassaƙa waƙoƙinsu a gora da irin nasu haruffan.

Hamza Ɗan Jami'a: Malam, a ƙara da dokokin Kalantiaw. Na gani a intanet cewa wani datu ya rubuta kundin dokoki 18 a 1433, har da hukuncin jefa mai laifi ga kada. Wannan ai ya isa hujja a kan Shamsu.

Zainab A.: Hamza ƙanena, ajiye wannan, jabu ne. Wani mutum mai suna José Marco ne ya ƙirƙire shi a farkon ƙarni na 20 ya miƙa wa ɗakin karatu a matsayin tsohon rubutu. Aka yi shekaru ana koyar da shi a makarantu, aka sa wa jirgin yaƙi sunan Kalantiaw, gwamnatin shugaba Ferdinand Marcos har lambar girmamawa ta ƙirƙiro da sunansa. Sai a 1968 wani masanin tarihi Ba'amurke mazaunin ƙasar, William Henry Scott, ya bi diddigi ya nuna babu wani Kalantiaw, hukumar tarihin ƙasar kuma ta tabbatar da haka a 2004. Haka kalmar maharlika, 'yan siyasa sun mayar da ita kamar jinin sarauta, har an sha kawo shawarar a canja sunan ƙasar zuwa Maharlika, alhali a rubutun Plasencia mayaƙa ne masu bin datu. Ko gonakin shinkafar nan masu hawa-hawa na Ifugao da ake cewa sun shekara 2,000, binciken tono na baya-bayan nan ya nuna yawancinsu bayan zuwan Sifaniyawa aka yi su, lokacin da mutane suka gudu kan duwatsu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutanen da aka raina sukan ƙirƙiro wa kansu irin tarihin da mai raina su yake girmamawa, sarki da kundin doka, su bar na gaskiyar alhali ya fi daɗin ji.

Baba Malami Mai Ritaya: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. To faɗa mana mummunan ɓangaren ma, kada mu tashi da rabin labari.

Zainab A.: Amin Baba. Akwai shi kuwa. Hari ta teku sana'a ce mai daraja, ana ce masa mangayaw. In lokacinsa ya yi sai datu ya cika jirgin yaƙi da ake kira karakoa da matuƙa, a faɗa wa wani tsibiri a kamo mutane. Wasu ƙabilun suna farautar kawuna. Plasencia ya rubuta cewa in babban jarumi ya mutu akan ɗaure bawa da ransa a ƙarƙashin gawar har ya mutu. A shari'a in an rasa shaida akan sa waɗanda ake zargi su nutse a ruwa, wanda ya fara ɗagowa shi ne ɓarawo, ko su tsamo dutse daga tafasasshen ruwa. Shinkafa ma ba kowa ke samun ta shekara cur ba, talaka gwaza da doya da gero yake haɗawa da kifi. Kuma rashin haɗin kan datu shi ya ba baƙi ƙofa. Magellan ba a yaƙin cin ƙasa ya mutu ba, shiga ya yi rigimar Raja Humabon na Sebu da Lapulapu na Maktan, aka kashe shi a bakin ruwa ranar 27 ga Afrilu 1521. Da Legazpi, wanda ya kafa mulkin Sifaniya a tsibiran, ya zo a 1565 ya fi shi wayo, ya sha jinin amana da Sikatuna a Bohol, kowa ya tsaga hannu aka ɗiga a abin sha, kuma mayaƙan Bisaya ne suka cika rundunar da ta ci Manila.

Ustaz Nura: Kafin a tashi, ga wani abu da zai yi wa 'yan'uwanmu na Nijar daɗi. Ibn Battuta ya ba da labarin wata ƙasa Tawalisi a hanyarsa ta zuwa Sin, mai gimbiya jaruma Urduja. José Rizal, gwarzon ƙasar Filifin, ya yi zaton a Filifin take, har yau mutanen Pangasinan suna alfahari da ita, ko da yake masana da yawa ba su gamsu ba. Shi dai wannan matafiyin ne ya sauka Takedda a 1353 ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa jan ƙarfe. Sannan a 1417 wani sarkin Sulu, Paduka Pahala, ya kai ziyara fadar Sin da tawaga ta ɗaruruwan mutane, ya rasu a hanyar dawowa a garin Dezhou. Kabarinsa yana can, zuriyar 'ya'yansa da suka zauna gadin kabarin Musulmin Sin ne yanzu.

Shamsu: Shi ke nan, Anti Zainab da Malam sun kashe bakina. Amma har yanzu ina nan kan cewa babu daula.

Zainab A.: Ai ban taɓa ce maka akwai ba.

Abban Sadiq: Jama'a na gode, Allah ya ƙara ilimi. Yanzu muka tashi daga cin abinci, na ba mutumin haƙuri, na karanta masa labarin Namwaran. Ya ce an koya musu fallen ƙarfen a makaranta amma shi bai taɓa sanin bashi ne a ciki ba, ya ɗauka dokar sarki ce. Na tambaye shi Kalantiaw, ya ce shi kam ya haddace dokokin a firamare har ya ci jarrabawa da su. Ya ce in tambayi Malama Zainab ko akwai wanda zai biya shi makin da ya samu. Sannan ya tuna mini riyal 50 da na ranta a wurinsa ranar Alhamis.

Ɗan Kurmi: Abban Sadiq, biya shi yau ɗin nan kafin ya raba su Sadiq gida biyu.